Tara log ɗin injina da yawa a saba guda: ta ina ake farawa?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa da ke kula da kwamfutocin wata kwaleji. Yana da injinan Linux wajen goma, da rautocin MikroTik a gine-gine daban-daban, da wasu kwamfutocin Windows a ofisoshi. Duk sanda wani abu ya lalace sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta log, wato bayanan da inji ke rubutawa kan abin da ke faruwa a cikinsa. Yana son wuri guda da kowane inji zai riƙa turo bayanansa, kuma an ba shi shawarar ya girka Elasticsearch da Kibana, manhajojin bincike a cikin log da nuna shi a allo. Shi ne yake tambaya ta ina zai fara.

Malam, Allah ya taimaka, ka ɗauko aiki mai kyau. Amma shawarata ita ce ka ajiye maganar Elasticsearch tukuna. Abin da zai kai ka a guje gaban wannan saba, wato kwamfutar da za ta tara log ɗin, abu biyu ne: ko wani inji ya mutu da tsakar dare ba a san dalili ba, ko wani ya kutsa cikinsa. A duka biyun log ɗin da ke kan injin ba abin dogaro ba ne. Wanda ya mutu ya tafi da nasa, ɗan kutse kuwa da zarar ya sami ikon root, wato cikakken iko a kan injin, abin da yake fara yi shi ne share sawunsa. Saboda haka abin da ya kamata ka kashe ƙarfinka a kai shi ne saƙo ya isa sabar ba tare da ya ɓace a hanya ba, ya isa da lokacin da za a iya yarda da shi, kuma in ya isa kada kowa ya iya taɓa shi. Allon zane-zane da akwatin bincike ana iya ɗora su daga baya cikin yini guda. Saƙon da bai iso ba kuwa babu manhajar da za ta dawo maka da shi.

Kayan aikin da za ka fara da shi rsyslog ne, manhajar da ke turawa da karɓar log bisa tsarin syslog, kuma akwai yiwuwar yana kan injinanka tuni. Tsarin syslog tsoho ne, Eric Allman ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 lokacin da yake aikin Sendmail, kuma tsufan nan ne amfaninsa, domin kusan duk rauta da siwic da firinta da ka sani sun iya magana da shi. An rubuta tsohon tsarin a RFC 3164 a 2001, sannan aka fitar da sabo a RFC 5424 a 2009, wanda Rainer Gerhards ya rubuta, mutumin da ya fara rsyslog a 2004. Akwai kuma syslog-ng na Balázs Scheidler, wanda ya girmi rsyslog, kuma aikinsa ba ya da aibi. Na zaɓi rsyslog ne kawai don shi ke zuwa da Ubuntu da dangin Red Hat. Ka lura Debian 12 ta daina girka shi da kanta, journald, mai ajiye log a cikin injin, kaɗai take barin ka da shi, sai ka girka da hannu.

Sabar ba ta buƙatar ƙarfi. Tsohuwar kwamfuta mai RAM na gigabait 4 za ta ɗauki injinanka ba tare da ta yi nishi ba. Faifai ne abin lissafi. Ka ɗauka layin log guda yana kai bait 200, kuma duk injinan a haɗe suna turo layi 100 a daƙiƙa: wannan ya kama kusan gigabait 1.7 a rana kafin a matse. Misali ne kawai na ba ka, ka bar naka ya yi mako guda ka auna da `du`. Ka ware wa log ɗin ɓangaren faifai nasa daban, domin ranar da wani inji ya haukace ya fara zubo kuskure iri ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ɓangaren nan kaɗai zai cika, sabar ba za ta tsaya ba.

Yanzu ga inda nake son ka natsu, wato hanyar da saƙon zai bi. Hanyoyi uku ne. Ta farko UDP a ƙofa ta 514, ita ce ta asali. Inji yana jefa saƙo ne ya wuce, ba ya jiran a ce masa an karɓa, kamar ka aiki yaro kasuwa ba ka ce ya dawo ya faɗa maka saƙo ya isa ba. In sabar tana kashe, ko siwic ya cika, saƙon ya tafi kenan, kuma babu wanda zai sani. Ta biyu TCP, ta fi, amma mutane suna ba ta amanar da ta wuce ƙarfinta. Idan rsyslog ya miƙa wa tsarin aiki saƙo sai ya ɗauka ya gama, alhali saƙon yana iya kasancewa yana jira a ƙwaƙwalwa. In layin ya yanke a wannan lokacin, abin da ke jiran ya zube. Ta uku ita ce RELP, wadda masu rsyslog suka ƙirƙira don toshe wannan ɓarakar: sabar tana amsa kowane saƙo, kuma mai turawa ba ya sakin saƙon sai ya ji amsar. A wurin da wuta da intanet suke yankewa kullum, RELP ce hanyar injinan Linux. UDP ka bar wa na'urorin da ba su iya komai ba sai ita.

Ka girka `rsyslog-relp` a sabar da kuma kowane inji. A sabar, ka buɗe fayil a `/etc/rsyslog.d/` ka saka wannan:

```
module(load="imudp")
module(load="imrelp")

template(name="wuri" type="string"
  string="/var/log/nesa/%fromhost-ip%/%$year%-%$month%-%$day%.log")

template(name="layi" type="string"
  string="%timegenerated:::date-rfc3339% %timereported:::date-rfc3339% %hostname% %syslogtag%%msg:::sp-if-no-1st-sp%%msg:::drop-last-lf%\n")

ruleset(name="nesa") {
  action(type="omfile" dynaFile="wuri" template="layi")
}

input(type="imudp" port="514" ruleset="nesa")
input(type="imrelp" port="2514" ruleset="nesa")
```

Kowane inji zai sami foldarsa, kowace rana fayil ɗinta. Ɗaure hanyoyin shigowa da `ruleset` yana hana saƙonnin waje cakuɗuwa da log ɗin sabar kanta. Na yi amfani da `fromhost-ip` maimakon `hostname` wajen sunan folda da gangan: sunan inji yana cikin saƙon ne, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin, adireshin kuwa sabar ce ta gan shi da kanta. A Ubuntu rsyslog yana gudana ne da sunan mai amfani `syslog`, don haka ka ƙirƙiri `/var/log/nesa` ka mallaka wa `syslog:adm`, in ba haka ba saƙonni za su iso amma ba za a rubuta komai ba. A Rocky ko AlmaLinux kuwa tsarin tsaro na SELinux ne zai tare ka a ƙofar 2514, sai ka ba shi izini da `semanage port -a -t syslogd_port_t -p tcp 2514`. Kada ka kashe SELinux saboda wannan. Kafin ka sake tayar da rsyslog, `rsyslogd -N1` zai nuna maka in akwai kuskure a rubutun.

A kowane injin Linux kuma:

```
module(load="omrelp")
*.* action(type="omrelp" target="10.10.0.5" port="2514"
  queue.type="LinkedList" queue.filename="tura"
  queue.maxDiskSpace="2g" queue.saveOnShutdown="on"
  action.resumeRetryCount="-1")
```

Layukan `queue` ɗin nan su ne zuciyar aikin, kuma su ne akasarin jagororin da ake kwafa suke tsallakewa. Ma'anarsu ita ce in sabar ba ta amsa ba, injin zai tara saƙonni a ƙwaƙwalwa, in sun yi yawa ya sauke su faifai har gigabait 2, ya ci gaba da gwadawa ba iyaka, sabar na dawowa ya zuba mata duka. Amma akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. `saveOnShutdown` yana aiki ne idan an kashe injin bisa ƙa'ida. Idan wuta aka ɗauke fat, abin da ke ƙwaƙwalwa bai kai faifai ba ya tafi. Kuma a gini guda, wutar da ta kashe sabar ita ce za ta kashe injin jim kaɗan bayanta, ka ga daidai saƙonnin da suka gabaci mutuwar su ne za su salwanta. Maganin farko shi ne sabar log da siwic ɗin da take kai su hau inbata ko UPS mafi daɗewa a ginin, ta zama ita ce ta ƙarshen mutuwa. Na biyu, ga injinan da log ɗinsu ke da nauyi, kamar mai riƙe da sakamakon ɗalibai ko kuɗin makaranta, ka mai da `queue.type` ya zama `Disk`, ka ƙara `queue.checkpointInterval="1"`. Kowane saƙo zai taɓa faifai kafin ya tafi. Ya fi jinkiri ƙwarai, amma injin da ke fitar da layi kaɗan a daƙiƙa ba zai ji ba.

Sai agogo. Ka ga na saka lokaci biyu a farkon kowane layi: na farko lokacin da sabar ta karɓa, na biyu lokacin da injin ya ce abin ya faru. Tsohon tsarin syslog ba ya ɗauke da shekara, ba ya ɗauke da yankin lokaci, wata da rana da sa'a kawai. Injin da aka bari a UTC da wanda aka saita a lokacin Najeriya za su bambanta da awa guda cif, kuma ranar bincike za ka zauna kana ganin kamar an shiga bayanan kafin a shiga ƙofar. Ga kuma yawancin na'urorin MikroTik ba su da batirin agogo, haka ma Raspberry Pi har zuwa na huɗu. In suka tashi bayan ɗaukewar wuta, lokacin da suke faɗa ba gaskiya ba ne har sai sun sami NTP, wato hanyar daidaita agogo ta layi. Ka girka chrony, manhajar NTP, a sabar log, ka ba injinan cikin gida izinin karɓar lokaci daga gare ta, ka nuna wa kowa ita. Ko intanet ta yanke, aƙalla duk agogonku za su tafi tare. Lokacin karɓa shi zai cece ka idan agogon inji ya ɓace, lokacin injin kuma shi zai cece ka idan saƙonni sun kwana a layin jira suka iso a dunƙule da safe. Shi ya sa nake ajiye duka biyun.

MikroTik yana ajiye log ɗinsa a ƙwaƙwalwa ne, yana sake tashi komai ya goge, don haka su ne za su fi cin moriyar wannan aikin. Umarnin gajere ne: `/system logging action set remote remote=10.10.0.5`, sannan `/system logging add topics=info action=remote`, ka maimaita wa `warning` da `error` da `critical`. Kada ka tura `debug`, kuma ka yi hattara da saka log a kan dokar katangar tsaro da ke tare duk abin da ya zo daga intanet, domin ita kaɗai tana iya cika maka faifai. In kana da siwic na Cisco, `logging host` da `logging trap informational` sun wadatar. Matakan tsanani takwas ne a syslog, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na `debug`, kuma tsayawa a 6 shi ne daidai ga yawancin na'urori.

Idan akwai reshen da ke nesa, wanda ke haɗuwa da ku ta intanet, kada ka buɗe ƙofar 514 ga duniya. UDP ba ta da sirri, ba ta tantance mai turawa, kowa na iya cusa maka ƙarya ko ya cika maka faifai. Ga shi kuma duk injinan da ke bayan rauta guda za su iso da adireshi ɗaya, foldarsu ta haɗe. Ka haɗa reshen da WireGuard, rufaffiyar hanyar sirri a kan intanet, wanda ya shiga cikin Linux tun sigar 5.6 a 2020 kuma RouterOS 7 ma yana da shi. Abin da ya fi ma shi ne ka ajiye ƙaramin injin Linux a reshen, rautoci su jefa masa UDP a cikin gida inda ba a cika asara ba, shi kuma ya tura da RELP da layin jira. In ka yi haka, adireshin da sabar za ta gani na ɗan aiken ne, sai ka ba saƙonnin reshen ƙofa da `ruleset` nasu, ka raba foldarsu da `%hostname:::secpath-replace%`, wanda ke hana a saka alamar da za ta fitar da rubutu daga foldar. A cikin harabar ma, in log zai ratsa layin da ɗalibai suke hawa, ka kunna TLS, mai sirranta saƙo a hanya, a kan RELP da takardun shaida na kanka, ko ka ware wa na'urorin gudanarwa VLAN nasu, wato keɓantaccen layi.

Windows ba ya magana da syslog. Sai ka girka masa ɗan aike, NXLog na kyauta yana karanta Event Log ya tura ta TCP, sai ka ƙara `imtcp` a sabar. Kada ka kwaso komai, Windows akwai surutu. Ka fara da ɓangaren tsaro: 4624 shiga da ta yi nasara, 4625 wadda ta gaza, 4720 an ƙirƙiri sabon asusu, 1102 an share log ɗin tsaro. Wannan ta ƙarshen, duk ranar da ka gan ta ba kai ka yi ba, ka bar abin da kake yi ka tashi.

Manhajojin da ke rubuta nasu fayil, irin Nginx da Apache, `imfile` ne ke bin fayil ɗin ya shigar da shi cikin rsyslog. Docker kuma ka saita shi ya zuba wa journald. Rsyslog yana yanke saƙon da ya wuce kilobait 8, in kana da manhajar Java mai doguwar ƙorafi ka ɗaga `maxMessageSize` a can saman babban fayil ɗin saiti, a ɓangarorin biyu.

Tsaron sabar kanta abu ne da nake ganin ana sakaci da shi, kuma yana ɓata min rai, domin yana rushe dalilin aikin gaba ɗaya. In kalmar sirri ko makullin SSH da ke buɗe sauran injina shi ne ke buɗe sabar log, wanda ya sami ɗaya ya sami duka, zai zo ya share a nan ma. Ka ba ta makullinta daban, ka rufe shiga da kalmar sirri, kada ka ɗora mata wani aiki, ko da shafin yanar gizo ne ƙarami. Katangar tsaronta ta karɓi 514 da 2514 daga adireshin injinanka kawai. Kullum da dare wani inji daban ya zo ya ɗauki kwafin fayilolin jiya da `rsync`, shi ya jawo, ba sabar ta tura ba, don kada wanda ya kama sabar ya sami hanyar zuwa wurin kwafin.

Ka kuma tuna abin da ke cikin log ɗin nan bayanan mutane ne: waye ya shiga, daga ina, da ƙarfe nawa, wane shafi ya buɗe. Har kalmar sirri takan faɗo ciki, idan mutum ya yi sauri ya rubuta ta a gurbin suna. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kan irin wannan, don haka masu iya karantawa su zama 'yan kaɗan da aka sani, kuma a rubuta tsawon lokacin da za a ajiye. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu ba da sabis ajiye bayanan zirga-zirga na shekara 2, tsarin PCI DSS na masu karɓar kuɗi da kati kuma yana neman wata 12, uku na ƙarshe su kasance a hannu nan take. Ko wanne ya shafi kwalejinku, wannan magana ce da za ka kai wa hukumar makaranta da lauyanta su yanke, kada ka ɗora wa kanka. Da yake kowace rana da fayil ɗinta, aiwatarwa ba wuya: aikin cron guda, wato umarnin da ke gudana da kansa a kan lokaci, ya matse na jiya da `gzip`, wani ya share waɗanda suka wuce wa'adi da `find`. Rubutun log yana matsuwa sosai, kuma `zgrep` yana bincike a cikinsa ba sai ka warware ba.

Akwai matsalar da ba ta da ƙara, wato inji ya daina turowa. An sabunta shi saitin ya goge, ko an sauya masa adireshi, ko wani ya tsayar da rsyslog da gangan. Babu kuskuren da zai bayyana a ko'ina, foldarsa ce kawai za ta daina girma, kuma mutum yakan gano ne ranar da yake buƙatar log ɗin. Ka saka wa kowane injin Linux cron da zai riƙa faɗin `logger "ina nan"` duk minti goma, a sabar kuma ɗan rubutu ya duba kowace folda, in sabon fayil ɗinta ya wuce minti talatin ba a taɓa shi ba ya aiko maka saƙo ta imel ko Telegram. Wannan faɗakarwar ita ce ta farko da za ka gina, ta biyu ita ce ta cikar faifai.

To yaushe ake kawo su Elasticsearch? Lokacin da `grep` ya fara gajiyar da kai, ko wasu da ba su iya layin umarni ba suke buƙatar bincike. Elasticsearch da OpenSearch, wanda Amazon ta ɓalle da shi a 2021 bayan sauyin lasisi, suna yin fihirisar kowace kalma, shi ya sa bincikensu ke da sauri kuma shi ya sa suke cin RAM da faifai, kuma ba sa son a ɗauke musu wuta ba sallama. Graylog ya fi sauƙin sarrafawa, amma shi ma yana tafe da OpenSearch da MongoDB a bayansa. Loki na Grafana laƙabi kawai yake yi wa fihirisa, ya fi sauƙi a kan ƙaramin inji, kuma shi zan fara dubawa a girman aikinka. In kuwa burinka gano kutse ne, Wazuh ya zo da dokokinsa a shirye. Duk wanda ka zaɓa, ka ɗora shi a wani inji, rsyslog ya riƙa tura masa kwafi da nasa layin jira, fayilolin asali su zauna inda suke. In ya rushe sai ka sake gina shi daga fayilolin.

Kafin ka haɗa injina goma, ka haɗa guda ɗaya ka gwada shi da gaske. Ka tura `logger -p auth.warning "gwaji na farko"` ka gan shi a sabar. In bai zo ba, `ss -lntup` zai nuna ko sabar tana sauraro, `tcpdump -ni any port 2514` zai nuna ko saƙon yana isowa, daga nan ka san ko katanga ce ko izinin folda. Sannan ka zare wayar sabar, ka tura saƙonni ɗari masu lamba daga injin, ka mayar da wayar, ka ƙirga. Ka sake yi, amma wannan karon ka sake tayar da injin kafin ka mayar da wayar. Na uku, a kan injin gwaji, ka zare masa wuta gaba ɗaya. Yawan abin da ya ɓace a gwaji na ukun shi zai nuna maka waɗanne injina ne za ka mayar wa layin jira na faifai.